Kumbar Teku a Wani Shagon Kifi na Jidda: Abin da Na Gani a Zuwa Uku

Shagon da zan yi magana a kansa yana kudancin Jidda, ba nisa da unguwannin da Hausawa suka fi yawa, kuma mai shi yana sayo kifinsa kowace asuba daga babbar kasuwar kifi da ke kusa da tashar jiragen ruwa, wadda mutanen gari suke kira Bangala. Shago ne mai fuska biyu. A gaba akwai dogon teburin ƙanƙara inda ake baje kifaye irin su najil da hamur da harid, da kuma jatan lande, a baya kuma akwai kicin da wurin zama, mutum ya zaɓi abin da ransa yake so a auna masa, a gyara, a soya ko a gasa, ya ci a wurin ko ya tafi da shi gida. Ba zan ambaci sunansa ba saboda akwai ƙorafin da zan yi a kansa, kuma ba burina ba ne in zubar wa kowa da abincinsa. A kan kifi ba ni da abin cewa sai yabo: idanun kifin garau suke, wuƙar mai gyara tana da kaifi, man suya ba ya wuce ƙa'ida, shinkafar sayadiyya kuwa da miyar tsamiyar da ake haɗa ta da ita sun isa su sa mutum ya tsallaka rabin gari. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami wani abu ne daban da suke ajiyewa a ƙarshen teburin, wanda Larabawa suke kira balahul bahar, wato dabinon teku.

Ranar da na fara kai shi gida, Gwaggo, wadda ta taso a ƙasar Haɗeja kafin ta zo aikin hajji ta zauna, ta ɗauki ɗaya ta juya shi a tafin hannunta ta ce, "Wannan ai makankari ne. Mu a gida ɓawonsa muke kankare ƙwarya da shi, ashe a nan ci ake yi?" Ba ta yi nisa da gaskiya ba, domin kumbar da ake samu a kogunan ƙasar Hausa da wannan ta teku duk dabbobi ne masu ɓawo biyu da ke buɗewa da rufewa kamar littafi, ko da yake dangantakarsu ta nesa ce, kuma hanyar haihuwarsu ma ta sha bamban. Saboda haka a wannan rubutu zan riƙa kiranta kumbar teku. Tambayar Gwaggo ta biyu ita ce ko ta halatta, kuma amsar a wurinmu Malikawa ba ta da tsawo: aya ta 96 ta Suratul Ma'ida ta halatta farautar teku da abincinsa, haka nan hadisin da ya ce ruwan teku mai tsarkakewa ne kuma mushensa halal ne yana cikin Muwaɗɗa. Hanafawa ne suka taƙaita halaccin a kan kifi kaɗai, shi ya sa da yawa daga maƙwabtanmu mutanen Pakistan suke wuce ƙarshen teburin nan ba tare da sun waiwaya ba.

Zuwana na farko a watan Nuwamba ne. Kumbar tana cikin ƙaramin buhun raga, baƙa mai shuɗi-shuɗi, kuma da takarda a ɗaure a bakin buhun wadda ta nuna cewa daga Galishiya ta arewa maso yammacin Sifaniya aka kawo ta, da ranar da aka ɗure ta. Yaron da ke kula da wannan ɓangaren Bahaushe ne haifaffen Jidda, Hausarsa gauraye da Larabci kamar ta yawancin 'ya'yanmu. Ya zube kilo biyu a faranti, ya riƙa ɗaukar duk wadda ta ɗan buɗe baki yana ƙwanƙwasa ta a gefen tebur. Wadda ta rufe a hankali ya mayar cikin farantin, wadda ta ƙi motsi ya jefa a kwandon shara ba tare da na ce masa komai ba. "Kawu, wadda ba ta amsa sallama ba ta mutu," in ji shi. Sannan ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana fizge ɗan gemun zaren nan da dabbar take maƙale wa dutse ko igiya da shi. A kicin aka turara su da tafarnuwa da albasa da lemun tsami da ɗan man zaitun, ba a wuce 'yan mintoci ba aka sauke. Da aka buɗe murfin tukunyar, kowane ɓawo cike yake dam da nama, wasu ruwan goro, wasu fari-fari kamar kindirmo, da ɗan zaƙi a ƙarshen harshe wanda ba na sukari ba ne. Na biya kuɗin da ya fi na kaza nesa ba kusa ba, amma na fita ina cewa sayen nagari mai da kuɗi gida.

Na yi shekaru ina aikin gwajin ruwa a wani ɗakin bincike, saboda haka abin da ke cikin ɓawon nan ba baƙo ba ne a wurina, kuma sai an fahimce shi za a gane abin da ya faru a zuwana na biyu. Mafi yawan abin da muke kira naman kumba wata fata ce mai kauri da ta lulluɓe jikin dabbar ta ciki, ɗaya a jikin kowane ɓawo, wadda zan kira mayafi. Wannan mayafin aiki biyu yake yi a lokuta daban-daban na shekara. Lokacin da abinci ya yawaita a ruwa, dabbar tana tace gomman litoci a yini tana kama ƙananan tsirran ruwa da ido ba ya gani, tana tara rarar abincin a cikin mayafin a matsayin wani irin sitaci da masana suke kira gilaikojin, wanda shi ne zaƙin da harshe yake ji. Idan lokacin haihuwa ya gabato, sai a fasa wannan rumbu, sitacin ya riƙa raguwa, ƙwai ko maniyyi su riƙa cike gurbinsa har mayafin ya kumbura. Kumbar teku mace daban namiji daban, kuma ba sa haɗuwa jiki da jiki. Idan zafin ruwa da yawan abinci suka kai wani matsayi, sai maza su saki maniyyinsu cikin ruwa, mata su saki ƙwansu, haɗuwar ta auku a sarari cikin teku, shi ya sa dole su saki kusan lokaci ɗaya, in ba haka ba igiyar ruwa ta watsa komai a banza. Mace guda tana iya sakin miliyoyin ƙwai, faɗin kowanne bai kai kashi ɗaya cikin goma na milimita ba. Ƙwan da ya dace yakan zama 'yar tsutsa mai iyo, cikin kamar kwana biyu ta yi ɓawonta na farko, ta yi mako uku zuwa huɗu ko fiye tana yawo a ruwa, sannan ta sami wuri ta kafa zarenta ta zauna. Bambancin launin da na gani a faranti ma daga nan yake: galibi mai ruwan goro mace ce, fara kuma namiji, sai dai wannan ba doka ba ce da ba ta karyewa, kamar yadda zan nuna a gaba.

Ma'anar wannan ga mai saye ita ce, dabbar da ta gama haihuwa kamar jakar da aka zazzage take. Ɓawon yana nan da girmansa da nauyinsa, ma'auni ba zai nuna wani bambanci mai yawa ba tun da ruwa ya cike gurbin, amma mayafin ya zama siririn tantani wanda har haske yana ratsa shi.

Abin da na tarar ke nan a watan Mayu. Na gayyaci abokan aiki biyu bayan na cika su da labari, muka je bayan sallar isha'i. Wannan karon babu buhun raga, babu takarda. An juye kumbar a wani faranti mai zurfi, ƙanƙarar da aka ɗora a kai ta narke, ruwan ya taru a ƙasa har ya shanye rabin na ƙasan, kuma ruwan ba garau yake ba, yana da wani fari-fari kamar an ɗiga madara. Na tambayi yaron daga ina aka kawo, ya ce wuri ɗaya ne da na wancan karon. Na ce ina takardar, ya duba ƙarƙashin tebur, ya tambayi na kusa da shi, ya dawo ya ce, "Wallahi Kawu, an yar da ita tare da buhun." Da na bi shawarar zuciyata da na haƙura na sayi kifi, amma baƙi na nan tsaye, sai na ce a auna. Da aka kawo tukunyar, sai ga ɓawo manya-manya, cikin kowanne ɗan nama a takure kamar busasshen tumatir, romon ya yi yawa kuma lami, wasu da dama ma ba su buɗe ba. Ɗaya daga cikin abokan nawa, mutumin Zinder ne mai barkwanci, ya ɗaga ɓawo guda ya leƙa ciki ya ce, "Malam, mai gidan ya yi tafiya ne?" Kuɗin da aka caje ni kuwa daidai yake da na Nuwamba, ko riyal ɗaya bai ragu ba.

A nan akwai abin da laifin shagon ne da abin da ba laifinsa ba, kuma adalci ne a raba su. Ramar naman ba shagon ya jawo ta ba. A ruwan Galishiya, kamar sauran gaɓar Turai ta Tekun Atlantika, babbar haihuwar kumba tana zuwa ne daga ƙarshen sanyi zuwa farkon zafi, saboda haka wadda aka ciro a Afrilu ko Mayu akwai yiwuwar ta riga ta zubar da abin da ke cikinta. Mutanen Holan sun san haka tun kaka da kakanni, shi ya sa kakar kumbar lardinsu na Zelan take farawa wajen Yuli ta ƙare wajen Afrilu, su bar dabbar ta huta ta sake cika rumbunta. Laifin shagon shi ne sayar da kayan Mayu da farashin Nuwamba ba tare da an gaya wa mai saye komai ba, da barin dabba mai rai ta teku cikin ruwan ƙanƙara wanda babu gishiri a cikinsa kuma babu iskar da za ta shaƙa, da kuma zubar da takarda. Farin ruwan nan da na gani a faranti, zatona mai ƙarfi shi ne wasu daga cikinsu a nan shagon suka ƙarasa haihuwarsu. Dalilin zaton shi ne, hanyar da aka fi amfani da ita a gidajen ƙyanƙyasa idan ana son kumba ta saki ƙwai ita ce a girgiza ta da sauyin zafi, a fitar da ita daga ruwan sanyi a tsoma a mai ɗumi, a sake mayarwa. Dabbar da aka ciro daga ruwan Atlantika mai sanyi, ta kwana a jirgin sama, ta sha zafin Jidda na watan Mayu tsakanin mota da ƙofar shago, sannan aka jiƙa ta, an yi mata wannan girgizar ba da niyya ba.

Wannan shi ne sashen da ya fi ɗaukar hankalina a rayuwar kumba, wato yadda wahala take shiga cikin haihuwarta. Dabba ce da ba ta iya gudu. Kifi idan ruwa ya yi masa zafi sai ya nutsa ƙasa, ita kuwa inda zarenta ya kama nan za ta sha duk abin da ya zo, makaminta ɗaya shi ne ta rufe ɓawo, kuma muddin ɓawon yana rufe ba ci ba numfashi sosai, sai dai cin abin da ke rumbu. Abincin da ta tara guda ɗaya ne, masu jiransa kuwa uku: gyaran jikin da zafi ya lalata, da girma, da ƙwai. Idan wahala ta tsananta, ƙwai ne suke fara biyan bashi. Wani lokaci dabbar takan narkar da ƙwan da ta riga ta fara ginawa ta mayar da su abinci don ta tsira da ranta, abin da ake gani ƙarara idan aka yanka mayafin siriri aka duba a madubin ƙara girma. Wani masani na Birtaniya, Brian Bayne, ya nuna tun a shekarun 1970 cewa abin bai tsaya kan uwa ba: kumbar da aka riƙe cikin zafi da ƙarancin abinci tana iya haihuwa, amma ƙwanta ba su da isasshen mai a cikinsu, tsutsotsin da suka fito daga gare su kuma ba sa girma yadda ya kamata. Guzirin da tsutsar za ta rayu a kansa kafin ta iya ci da kanta duk daga ƙwan yake, saboda haka yunwar uwa tana bin 'ya'ya har cikin ruwa.

A gaɓar jihar Oregon ta Amurka, Laura Petes da abokan aikinta sun kwatanta kumbar da ke zaune a saman dutse, inda ruwa yake janyewa ya bar ta a rana na tsawon sa'o'i, da 'yar'uwarta da ke ƙasan dutsen, wadda kusan kullum tana cikin ruwa. A sakamakon da suka fitar a 2008, ta sama ba ta zuba ƙarfinta sosai a kan haihuwa, kuma ɗan abin da ta tara takan sake shi gaba ɗaya tun farkon lokacin zafi, alhali ta ƙasa tana saki kaɗan-kaɗan a tsawon shekara. Sun kuma tarar cewa na saman suna tara sinadarin launi mai yawa a mayafinsu, dangin wanda yake ba karas da manja launinsu, wanda ake ganin yana kare ƙwayoyin haihuwa daga lahanin da zafi da bushewa suke jawowa. Saboda haka jan launi ba kullum yake nufin mace ba, kuma ba kullum yake nufin lafiya da ƙiba ba. Wani lokaci tabon wahala ne. Na faɗi haka ne domin a shagon nan, da sauran shaguna, na ji ana gaya wa masu saye cewa mai ja ta fi kyau, har wasu suna tsince farare suna turewa gefe, alhali a bakina ban taɓa jin bambancin da ya kai a yi gardama a kansa ba.

Idan zafin ya wuce iyaka kuwa, maganar haihuwa ma ba ta tasowa. A ƙarshen Yunin 2021, lokacin da ƙauyen Lytton na yammacin Kanada ya kai digiri 49.6, zafin ya zo daidai da janyewar ruwa da tsakar rana, sai kumba ta dahu a kan duwatsun gaɓar birnin Bankuba, ɓawo a buɗe, wari ya cika bakin teku. Wani masani, Chris Harley na Jami'ar British Columbia, ya ƙiyasta cewa dabbobin gaɓa fiye da biliyan ɗaya ne suka mutu. A 2024 masu kiwon kumba a arewacin Girka sun yi asarar mafi yawan amfaninsu saboda ɗumin ruwa, kuma abin da ya fi yi musu ciwo shi ne mutuwar ƙananan da za su zama amfanin baɗi, kamar manomin da gobara ta cinye masa hatsi har da iri. Ga kuma tsamin da ruwan teku yake ƙarawa saboda iskar kabon da yake sha daga sama. Ruwa ba ya tsami banza, in ji Hausawa, kuma a nan maganar ta zauna daram: tsamin yana wahalar da tsutsa a kwana biyun farko da take gina ɓawonta, an kuma nuna cewa yana raunana zaren da babbar take riƙe dutse da shi. Duk wannan yana da alaƙa da farashin da ke rubuce a kan teburin shagon, domin kiwon kumba har yau ya dogara ne sosai a kan 'ya'yan da teku ya haifa da kansa. A Galishiya akwai dandamalin katako masu yawo a ruwa sama da 3,000, kowanne da ɗaruruwan igiyoyi a rataye, kuma ƙananan da ake ɗaurawa a igiyoyin daga duwatsun gaɓa ake kankaro su ko a tare su da igiyoyin tarko. Shekarar da haihuwa ta lalace, bayan shekara ɗaya ko biyu sai a ji a aljihu, har a Jidda.

Mai karatu zai iya tambaya, ga Bahar Maliya a bakin ƙofa, me ya sa sai an ɗauko daga Sifaniya? Abin da ya sa ruwan Ubhur, bakin tekun da ke arewacin Jidda, yake garau har ana hango murjani a ƙasa shi ne ƙarancin ƙananan tsirran da kumba take ci, tun da babu wani kogi na dindindin da yake zubo wa tekun taki. Gishirinsa ya kai wajen giram 40 a lita, alhali matsakaicin na tekunan duniya wajen 35 ne, kuma a watan Agusta zafin saman ruwan yana haura digiri 30, matakin da kumbar Turai ba ta iya jure masa na tsawon lokaci. Muna da tamu, wata 'yar ƙarama mai zane-zane a ɓawo da masana suke kira Brachidontes pharaonis, wadda ba ta kai girman da za a ɗora mata tukunya ba, amma jarumar zafi da gishiri ce. Bayan buɗe mashigin Suwez a 1869 ta bi ta cikinsa, an gan ta a Bur Sa'id ta Masar tun 1876, yau kuma ta mamaye duwatsu da yawa a gabashin Bahar Rum, inda ruwan yake ƙara ɗumi yana ƙara yi mata daɗi.

Batun takardar da aka yar shi ne ya fi ɓata mini rai, fiye da kuɗin da na yi asara. Dabbar da take tace ruwa tana tara abin da ke cikin ruwan, mai kyau da mugu, har ma masana suna amfani da ita wajen auna ƙazantar gaɓa, kamar shirin da hukumar kula da teku ta Amurka take gudanarwa tun 1986. Wasu daga cikin tsirran da take ci suna da dafi, kuma dafin ba ya mutuwa da dahuwa, ba ya wari, ba ya canza ɗanɗano. A 1987 mutane fiye da 100 suka kwanta rashin lafiya a Kanada bayan sun ci kumbar da aka kiwata a tsibirin Yarima Edward, uku suka rasu, wasu kuma suka rasa ƙarfin riƙe sabon abu a ƙwaƙwalwa. Kariyar da mai saye yake da ita ita ce gwajin da ake yi a ruwan da aka ciro dabbar, shaidar wannan gwajin kuwa ita ce 'yar takardar nan. Dokar Tarayyar Turai ta wajabta wa mai sayarwa ya ajiye ta aƙalla kwana 60 bayan ya fasa buhun, domin idan wani abu ya faru a san inda za a bi. Ba mu ga komai ba bayan cin da muka yi, alhamdu lillahi, amma ba don mun san abin da muka ci ba ne.

Na koma a watan Agusta, wannan karon ni da uwargida da Gwaggo, muka zauna a ɓangaren iyali, wanda yake da tsabta da sanyi, sai dai kujerun sun matse kuma ƙarar kicin tana shigowa. Babu kumba mai rai a teburin ranar. Yaron ya ce mai gida ya dakatar da kawo ta har zafi ya sauka, ban sani ba ko ƙorafina ne ya yi aiki ko asarar da suka yi ce ta koya musu, ko ma wanne ne hukuncin ya yi daidai. Abin da ke akwai shi ne ta Niyuzilan mai koren baki, wadda take zuwa a daskare cikin kwali, an riga an ɗan dafa ta an cire ɓawo ɗaya. Ya kawo mini kwalin da kansa tun kafin in tambaya, ya nuna mini ranar da aka sarrafa ta da ranar da za ta lalace, yana murmushi: "Ga takardarka, Kawu." Wannan nau'in ya fi na Turai girma, kuma masu kiwonsa sukan ɗebi samfuri su duba cikar naman kafin su girbe, saboda haka mai saye ba ya cin karo da ɓawo fanko ko da wane wata ne a nan. Ita ma ba ta tsira daga matsalar iri ba, domin kaso mai yawa na ƙananan da ake kiwatawa a ƙasar ana tsinto su ne maƙale a jikin ciyawar teku da igiyar ruwa take watsowa a wata doguwar gaɓa kusa da garin Kaitaia, abin da yake zuwa wata shekara da yawa wata shekara kaɗan.

An gasa mana ita da man shanu da tafarnuwa da ɗan cuku a kai. A nan kicin ɗin ya ɗan yi kuskure, wanda ba su kaɗai suke yi ba: abin da aka riga aka dafa sau ɗaya ɗumi kawai yake buƙata, su kuwa sun bar shi a wuta har gefen mayafin ya yi tauri kamar ganda, cukun kuma ya danne ɗan ƙamshin tekun da daskarewa ta rage. Faranti na biyu na roƙa a cire cukun a rage wuta, aka yi yadda na ce ba tare da ɓata fuska ba, ya fito da laushi da daɗi, ko da yake bai kama ƙafar na Nuwamba ba. Gwaggo ta ci guda uku, ta ce ya fi ƙarfin dodon koɗi amma bai kai kifi ba, sannan ta sa aka wanke mata ɓawo huɗu mafi faɗi ta ƙulle a bakin mayafinta.

Ga wanda zai je, kifin shagon ba ya buƙatar sharaɗi, a kowane wata. Kumba mai rai ta Turai kuwa, in za a saya, daga kaka zuwa tsakiyar sanyi ne lokacinta, kuma a nemi ganin takardar buhun kafin a auna. A duba ƙasan farantin, idan akwai ruwa a kwance, musamman mai fari-fari, a koma kan najil. Idan za a kai gida, a zuba ta a matsami a ɗora kan kwano, a rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle a sa a firji, kada a tsoma ta a ruwan famfo kuma kada a ɗaure ta a leda, a dafa a ranar ko washegari. Daga Afrilu zuwa ƙarshen zafi, ta kwali ta fi aminci, da sharaɗin a gaya wa mai gashi ya sassauta wuta. Yaron ya karɓi lambar wayata, ya yi alkawarin zai kira ni idan buhun farko na Nuwamba ya sauka, kuma ya ce wannan karon zai maƙala takardar a jikin bango kusa da ma'auni.